Mai Alli da Allon da Ba Ya Goguwa

A layin da ake sayar da kayan ɗinki, tsakanin mai maɓallai da mai zif, akwai wani shago mai ƙofa biyu inda ake gyaran tsofaffin kekunan ɗinki, a kuma sayar da su. A bakin ƙofar hagu akwai baƙin allo jingine da bango, kuma duk wanda ya san layin ya san mutumin da ke rubutu a kansa. Mai Alli ake ce masa. Yana da sunan yanka kamar kowa, amma in ka kira shi da shi sai ya waiwaya ya ga ko da wani ake.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki, kuma asalin abin ba na alfahari ba ne, ko da yake shi ya mai da shi haka. Yana ɗan shekara goma sha huɗu mahaifinsu ya zaunar da shi gaban kan keke ya miƙa masa sukudireba. Wata shida ana fama, har ranar da ya kwance wani keke ya ɗaure, aka sami ragowar noti uku a kan tebur. Baba bai yi faɗa ba. Ya ɓalle ƙyauren wani tsohon kabad, ya shafe shi da baƙin fenti, ya ba shi guntun alli, ya ce kowa da ƙofar da Allah ya buɗe masa, shi tasa ga ta nan, ya je ya rubuta abin da ke cikin shago.

Hannu kuwa Allah ya ba shi. Haruffansa a tsaye suke kamar an auna su da rula, manya a sama, ƙanana a ƙasa, ba wanda ke taka ƙafar ɗan'uwansa. Kullum ƙarfe bakwai na safe zai buɗe shago, ya share bakin ƙofa, ya jera sunayen kekunan da suka shigo, mai ƙafa da mai hannu da mai lantarki, sannan a can ƙasa ya ɗora layi ɗaya na kansa. Wannan layin shi ne rayuwarsa. "Allura ta iso, mai yage ya matso." "Keken jiya, ɗinkin gobe." Irin waɗannan. Akwai wani tela da ake kira Dogo, wanda shagonsa ke ƙarshen layi, shi ne alƙalinsa. Kowace safiya sai ya ci birki a gaban allon, ya karanta da ƙarfi, sannan ya yanke hukunci: ko ya ce "yau ka ci", ko ya ce "yau da saura". Da yamma kuma Mai Alli ya jiƙa tsumma ya goge komai tas. Bai taɓa jin ciwon gogewar ba, don a wurinsa abin jiya na jiya ne, kuma keken da aka sayar ba ya kwana a allo.

Ƙanwarsa, wadda kowa ke kira Auta har yanzu da take da 'ya'ya uku, ya girme ta da shekara goma sha shida. A ƙarƙashin teburin gyara ta yi rarrafe, a gaban allon nan kuma ta koyi karatu, shi da kansa yake kama mata hannu da guntayen allin da suka yi masa ƙanƙanta. Ita ce ta gaji kunnen Baba. Keke na gudu za ta karkata kai ta ce bel ne, ko ta ce haƙorin da ke jan yadi ne ya cinye, a buɗe kuwa a tarar haka ne. Da Baba ya rasu ita ta hau kujerarsa. Mai Alli bai damu ba, ko kuma a ce ya gaya wa kansa bai damu ba har ya yarda. Aka yi rabo ba tare da an zauna ba: cikin shago nata, bakin ƙofa nasa. Shagon kuwa na Inna ne, mahaifiyarsu, wadda ke zuwa ran Asabar kaɗai ta zauna a kujerar roba, ba ta cika magana ba, amma in ta yi an gama.

Haka aka zauna lafiya shekara tara, sai kasuwa ta fara sauya hali. Telolin yanzu ba sa yawo layi-layi suna leƙen shaguna, a waya suke duba abin da suke so. Auta ta kawo maganar a buɗe wa shagon shafin intanet. Abin mamaki, Mai Alli ne ya fara goyon baya, har da tafi. A tunaninsa allo ne za a yi masa wanda duniya duka za ta bi ta gabansa, kuma wa ke rubutun allo a gidan nan in ba shi ba?

Aka kira wata mata da ke haɗa wa ƙananan shaguna irin wannan shafi, ana ce mata Injiniya. Ta zo da kwamfutarta ta ɗora a kan teburin gyara, bayan Auta ta ture gwangwanin man keke gefe. Ta ce musu gina shafi ba shi ne wahala ba, kwana biyu ta gama. Abin dubawa shi ne manhajar da ke bayansa, wato inda za su riƙa shiga kullum su yi rubutu, su sa hoto, su cire wannan su ƙara wancan. Ta ce mai wucewa fentin gida yake gani, amma mai gida da ɗakin girki yake zama, don haka su zaɓi wadda za su iya zama da ita. Ta kawo guda biyu. Sunayensu ba wanda bakinsa ya iya juyawa, sai Inna ta dubi launin fuskar kowace ta raɗa musu suna, shuɗiya da koriya, kuma sunan ya bi su.

Shuɗiya mai sauƙi ce. Shafi ɗaya, mabuɗi ɗaya, wato kalmar sirrin shiga. Ka shiga, ka rubuta, ka danna, sabon rubutu ya hau kan tsoho, shi ke nan. Koriya kuwa kowa da mabuɗinsa, kowane keke da shafinsa da hotunansa, ana iya aiki da ita daga waya, har tana ƙirga mutum nawa suka karanta kowane shafi. Injiniya ta ci gaba da jero wasu halayen koriyar, amma Mai Alli ya riga ya daina saurare. Tun da ya ji an ce mabuɗi ɗaya zuciyarsa ta kwanta, don ya san aljihun da mabuɗin zai shiga. Aka tsayar da cewa za a gwada duka biyun har mako huɗu, sannan ran Asabar ta ƙarshe Inna ta yanke.

Ciwon farko a ranar farko ya same shi. Ya zauna gaban tsohuwar kwamfutar shago, ya sa tabarau, ya yi ta farautar haruffa da yatsa ɗaya har ya rubuta layinsa na allura da mai yage. Da ya ɗago ya duba, sai ya nemi hannunsa ya rasa. Haruffan sun fito daidai da na kowa, daidai da na takardar asibiti. Layin da Dogo ya taɓa yi wa dariya har ya dafa bango, ga shi nan tsirara a tsakiyar farin fili, ba ado ba kwarjini. Ya ce wa Injiniya ko akwai yadda za a yi rubutun ya fito da irin hannunsa. Ta nuna masa wasu haruffa masu lanƙwasa iri goma, ya duba ya ce duk na ƙarya ne.

Auta kuwa ba ta da hannu ko kaɗan, rubutunta na biro kamar kaza ta bi ta kan takarda. Amma waya ba ruwanta da wannan. Tana gama gyaran keke za ta goge hannu, ta ɗauke shi hoto ta gaba da ta gefe, ta zauna ta rubuta abin da kunnenta ya ji. Ba ta yin kirari, ba ta neman amsa-amo. A kan wani keke mai lantarki ta rubuta cewa yana da ƙara kamar babur ɗin da salansarsa ta fashe, in kana da jariri a ɗaki kada ka saya, amma ya shekara ashirin yana ɗinka kayan makaranta bai taɓa tsallake ɗinki ba. Mai Alli ya karanta ya ce wannan ai ɓata kaya ne, wa ke tallan aibin abin sayarwarsa? Kwana uku bayan haka wata mata ta yi tafiyar awa huɗu ta zo ta ce keken nan mai ƙara take so, ita ba ta da jariri.

Sai kuma lambobin nan da koriya ke nunawa a gefen kowane shafi. Da ba a sa su ba da an zauna lafiya. Shi ma ya rubuta shafuka a koriyar don kada a ce bai gwada ba. A gefen nasa an sa tara. A gefen na Auta an sa ɗari biyu da goma sha huɗu. Cikin taran nan ma ya san huɗu shi ne da kansa, yana komawa ya ga ko an ƙaru.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya shi ya faru ran Litinin ta mako na biyu. Ya tashi da layi mai kyau a kansa, ya rubuta shi da sabon alli, ya koma gefe ya harɗe hannu yana jira. Ga Dogo ya taho, kai a sunkuye, ido a waya, yana dariya shi kaɗai. Ya zo daidai allon ya wuce. Shekara ashirin da wani abu bai taɓa wuce allon nan ba, ko ranar da aka yi masa rasuwa sai da ya tsaya. Ya yi taku uku sannan ya juyo, Mai Alli ya ji sanyi a ransa, ashe ba allon ya tuna ba.

"Mai Alli, ka ga abin da ƙanwarka ta rubuta kan keken nan mai ƙara? Yarinyar nan tana da baki."

Ya ce ya gani. Ya yi murmushi ma, irin wanda ake yi wa likita bayan allura.

Wai kishi kumallon mata. Wanda ya fara faɗin haka bai ga namiji ɗan shekara arba'in da biyar yana kishin ƙanwarsa ba. Kuma kada a yi wa Mai Alli ƙarya, ba ya ƙin Auta. In aka taɓa ta sai inda ƙarfinsa ya ƙare. Abin da ke cinsa lissafi ne mai sauƙi: Allah ya ba ta kunne, ya ba ta kujerar Baba, shi aka bar masa ƙyauren kabad da guntun alli, bai ce komai ba. Yanzu wannan ɗan abin ma ta miƙo hannu, ba da niyya ba, ba da wahala ba, tana yi tana goge maiƙo a yatsu. Da ta sha wuya kafin ta fi shi, da ya ji dama-dama. A gida matarsa ta lura yana cin abinci kamar mai haɗiyar magani, ta tambaya, ya ce ciwon kai ne na kallon kwamfuta.

Washegari, Talata, ya buɗe shago ƙarfe bakwai kamar kullum. Auta ba ta isowa sai takwas, bayan ta kai yara makaranta. Ya kunna kwamfuta ya shiga koriya da mabuɗinsa, ya ga shafin keke mai ƙara yana nan, alhali keken ya bar shagon tun shekaranjiya. A nan dole a yi masa adalci. Shekara talatin da ɗaya dokarsa ɗaya ce, abin da aka sayar ba ya kwana a allo. Ya nemi wurin gogewa ya danna, shafin ya ɓace da hotunansa da ɗari biyu da goma sha huɗunsa. Aikinsa ya yi. Sai dai bai taɓa goge allo ya ji irin daɗin da ya ji a wannan safiya ba, kuma daɗin nan shi ya kamata ya tsorata shi.

Da rana ya leƙa, sai ga shafin ya dawo. Ya ce ƙila yatsansa ne ya kauce. Ran Laraba ya sake gogewa, ya haɗa da wani na keke mai ƙafa wanda ba a sayar ba, yana nan tsaye a bayansa an rufe shi da yadi. Da rana duka biyun suka dawo. Tunanin Auta ya zo masa, ya kore shi, don ya san halinta: ba ta haɗiye magana, da ta gane da tuni ta tsaya a kansa da sukudireba a hannu. Sai ya yanke cewa koriyar ce ke da taurin kai, ka goge abu ya tsiro. Ya ma so ya kai ƙarar wannan aibi wurin Injiniya, sai ya tuna za a tambaye shi me ya goge.

Haka aka yi ta yi har mako biyu da 'yan kwanaki. Kuma abin da ya fi ban haushi, ba ya gogewa sai ya karanta. Yakan karanta har ƙarshe, wani lokaci sau biyu, yana neman inda ta yi kuskure. Wata safiya ya karanta abin da ta rubuta kan wani keke da ya zo da gidan ɓera a cikin akwatinsa, dariya ta ƙwace masa shi kaɗai a shago, har da buga tebur. Da ya farga da abin da ya yi, haushi ya kama shi ninki biyu, ya goge shafin da ƙarfi kamar maɓallin ne ya yi masa laifi. Akwai kuma wani layi nata kan wani keken hannu na wata tsohuwa, wanda ya manne masa a ka ya ƙi fita, yana wanka yana jin sa.

A gefe guda kuma ya shiga kamfe. Ya riƙa biyawa ta wurin Inna da yamma, abin da a da sai Juma'a yake yi, yana gyara mata labule yana yabon shuɗiya. Ya ce mai sauƙi ce, ba ta da tarkace. Ya ce shago da baki ɗaya ake saninsa, in kowa ya zama marubuci wa zai yi karatu? Inna ta saurare shi tana tsince zare a zaninta, ta ce Asabar ai ba nisa.

Asabar ta zo. Aka sauke ƙofa ɗaya don kada masu saye su dame su. Inna a kujerar roba, Auta a kujerar Baba, Injiniya tsaye gaban kwamfutarta, Mai Alli kuwa ya sa rigarsa mai guga. Injiniya ta taƙaita musu: kuɗin wata kusan ɗaya ne, shuɗiya ta fi saurin koyo, koriya ta fi ɗaukar kaya in shago ya girma. Ta ƙara da cewa duk wadda ba a zaɓa ba za a rufe ta a ranar, abin da ke cikinta kuma ya tafi. Mai Alli ya yi jawabinsa na baki ɗaya, ya yi shi da kyau, har Injiniya na gyaɗa kai. Auta kuwa tana ta juya wani ɗan noti a tafin hannu.

Sai Inna ta yi tambaya, irin ta tsofaffi masu tsoron na'ura. Ta ce to in yatsan mutum ya zame ya goge abin da bai yi niyya ba fa?

Injiniya ta ji daɗin tambayar. Ta ce a shuɗiya ya tafi ke nan, sai a sake rubutawa. Amma a koriya ba abin da ke ɓata, ai ta faɗa tun ranar farko: tana ajiye tarihin duk abin da aka taɓa, wa ya taɓa, yaushe, kuma da dannawa ɗaya ake dawo da shi. Ta ce bari ma ta nuna musu. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tun kafin ta danna, Mai Alli ya san abin da zai fito.

Jeri ya fito, dogo, layi bisa layi. Inna ta ce idonta ba ya ganin ƙananan rubutu, a karanta mata. Injiniya ta fara da muryar mai talla.

"Talata, bakwai da minti shida, Yaya ya goge shafin keke mai ƙara. Talata, takwas da kwata, Auta ta dawo da shi. Laraba, bakwai da minti huɗu, Yaya ya goge..."

Muryar ta fara raguwa. A layi na shida ta tsaya, ta shiga gyaran gyalenta. Ba sai an karanta ba, mai ido yana gani: sau goma sha bakwai Yaya ya goge, sau goma sha bakwai Auta ta dawo da shi, kuma ba ko ɗaya cikin shafukan da aka goge da yake nasa.

Mai Alli ya ce keken ai an sayar, kuma kowa ya san dokarsa. Inna ta ce ta sani, sauran fa? Ya jira Auta ta tashi ta wanke shi tas. Wallahi da ta yi da ya gode mata, don zagi abu ne da mutum zai iya ɗauka ya mayar. Sai ta ajiye notin a tebur, ta miƙa hannu ta sauke murfin kwamfutar a hankali.

"Inna, a ɗauki shuɗiyar. Yaya ya fi sabawa da ita. Ni ma koriyar nan maɓallanta sun yi mini yawa."

Ƙarya ce, kuma har kujerar roba ta san ƙarya ce. Shafi arba'in da ɗaya ta rubuta a koriyar nan, tsakanin gyara da gyara, kuma ta ji da kunnenta cewa in aka rufe ta duk za su tafi. Za su tafi tare da jerin nan na bakwai da minti shida. Abin da take miƙo masa ke nan, tsumma jiƙaƙƙe, ya goge kunyarsa da aikinta a shafa ɗaya. Mai Alli ya dube ta, kuma abin da ya ji ba godiya ba ce. Kishi ne, sabo fil, ya fi na da zafi. Ta fi shi kunne, ta fi shi rubutu, yanzu ga shi har a rufin asiri ta fi shi.

Inna ba ta dubi Auta ba. Ta ce masa shi ne babba, kuma bakin ƙofa nasa ne tun ubansu na da rai, don haka shi zai zaɓa.

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya tambayi Injiniya, ba tare da ya ɗago ba, ko in an ɗauki koriyar za a iya cire wannan jerin kaɗai. Ta ce ba a yi ta don haka ba, duk mai mabuɗi zai iya buɗewa ya gani, yau ko bayan shekara goma.

"To a ɗauki koriyar," in ji shi. "Da jerin."

Masu son labari ya yi daɗi za su ce zuciyarsa ce ta yi fari a take. Ba haka ba ne. Rabin abin girman kai ne, ba zai iya karɓar wannan kyauta daga hannun yarinyar da ya koya wa riƙon alli ba. Ɗaya rabin kuwa shi ne ya karanta shafukan nan arba'in da ɗaya fiye da kowa a duniya, ya kuma san ba na gogewa ba ne. Inna ta ce Allah ya yi albarka, ta nemi a miƙo mata sandarta.

Da aka watse, suka rage su biyu suna rufe shago, ya tambaye ta, yana fuskantar kwaɗon ƙofa, me ya hana ta magana tun ranar farko.

"Me zan ce, Yaya? Ran Alhamis ɗin nan na zo da wuri, na hango ka ta ƙofa kana karanta na ɓeran nan kana dariya. Sai na koma na zaga layi har ka gama."

Ya ja kwaɗon sau biyu ya tabbatar ya kama, alhali ya san ya kama.

Ran Litinin ƙarfe bakwai ya share bakin ƙofa, ya jera sunayen kekuna a allo, ya zo wurin layin ƙasa ya tsaya. Ya juya allin, ya sake juyawa, ba abin da ya zo sai layin nan nata na keken tsohuwa, wanda ya hana shi sakat tun makon jiya. Keken kuwa yana nan ba a sayar ba. Ya rubuta shi, da hannun da bai taɓa yin mai kyau kamarsa ba: "Keken hannu. Ba ya sauri, amma bai taɓa sa mai shi farke ɗinki ba."

Ga Dogo ya taho, yau waya a aljihu. Ya ci birki, ya karanta da ƙarfi, ya sake karantawa a hankali. Da alama bai kai ga wannan shafin ba a wayarsa.

"Yau ka ci, Mai Alli. Kai, rabonka da irin wannan an yi shekaru."

Maganar ta shige shi kamar allura ta ƙarƙashin farce. Allon ƙofa ba ya ajiye tarihi, ba wanda zai buɗe ya ga wa ya ce me. Da ya yi shiru da ya ci, kamar yadda aka ce ya ci. Dogo ya ɗaga ƙafa zai tafi.

"Ba nawa ba ne," in ji Mai Alli. "Na Auta ne. Hannun ne nawa."

Dogo ya sake duban allon, ya ce to hannun ma ba laifi, ya wuce abinsa.

Da yamma Mai Alli ya jiƙa tsumma kamar kullum, ya goge jerin kekunan daga sama har ya iso layin ƙasa, sai ya tsaya ruwa na ɗiga a takalminsa. Ya matse tsumman ya rataye. Ya ɗauki guntun alli ya rubuta sunan Auta a ƙarƙashin layin, a can kusurwa. Ya rubuta shi ƙarami ƙwarai, sai mutum ya sunkuya zai gani.